Tarbar Inna a Akori-kura Mai Tsatsa

Mun tashi daga unguwarmu Kambarawa, nan Katsina, ranar Litinin bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Na ce "mun" ne don in girmama motar, domin daga ni sai ita. Niyyata Kano, filin jirgi, in tarbo mahaifiyata, Inna, wadda rediyo ta ce jirginsu na dawowa daga Hajji zai sauka ranar Talata. Tafiyar mil ɗari ce da 'yan kai. Ga bayanin yadda ta kasance, zango zango, ko da akwai mai sha'awar bin sawuna.

Shekarar nan ce da kuɗin mai suka cika ƙasa, gwamnati ta ƙara mana albashi. Abokan aikina a ofishin gona suka sayi babura da rediyo mai kaset, wani ma ya sayi firji alhali gidansa babu lantarki. Ni na cika wa Inna kuɗin kujera, sauran na sayi akori-kura mai shan gas a hannun wani ɗan kwangila. Ya ce ta yi aiki shekaru a Fatakwal, bakin teku. Yadda ya faɗa sai na ɗauka yabo ne. Ranar da Inna za ta tafi na ce mata a gaban jama'a, "Inna, ki sayo duk abin da ranki ke so. Ni zan ɗauko ki da kaina, a motata." Ni ne autanta, ni ne kuma namiji ɗaya. Ta ce, "Allah shi kai mu, Auta."

An yi mini rakiya irin ta mai zuwa Ikko. Maiɗakina, Hassu, ta soya kaza ta ɗaure a kwano. Maƙwabcina Malam Haruna ya ba ni saƙon yadi daga kasuwar Kwari ta Kano. Liman ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa mini tsari daga sharrin ƙarfe. Na ce amin, ina duba agogo.

Litinin: Ƙofar Kaura

Hanya lafiya lau, babu shinge, babu gada. Tun daga gida dai ina jin wata 'yar ƙara a gaba, tak-tak-tak, da warin hayaƙi, na ce sanyin safiya ne. Ina hango Ƙofar Kaura ƙarar ta zama ruri, baƙin hayaƙi ya taso ta ƙarƙashin ƙafafuna, idanuna suka kawo ruwa. Na gangara gindin wasu itatuwan bedi na kashe. A nan ne garejin wani bakanike mai suna Iro, gajere kakkaura, mai fara'a irin ta wanda motar ba tasa ba.

Bayan mun gaisa har ya tambayi iyalin da bai san su ba, ya ɗaga murfin inji ya leƙa.

"Malam, manifol ɗinka ne ya tsage."

"Mene ne shi?"

Ya nuna mini wani ƙarfe mai rassa huɗu a manne a gefen inji. Ya ce shi ke tara hayaƙi ya miƙa wa salansa. Launinsa ja ne kamar ƙasar gini, in ka taɓa sai ya zubo gari.

"Noti takwas ne kawai. Mu kwance, mai walda shi liƙe, mu maida. Kahin ka gama shan koko ka kama hanya."

Na sayi koko da ƙosai a wurin wata mata da ke bakin ƙofar. Ina shaida wa matafiya cewa kokon wurin yana da kauri, ƙosan kuma ba a ƙwauron mai. Na san haka sosai, domin safiya uku na ci.

Sifana ta farko ta zame, ta cinye kusurwoyin notin ya zama kamar goro. Iro ya tsiyaya man birki a kan dukkansu, ya ce mu ba shi lokaci ya shiga. Muka ba shi. Ya ƙara da kananzir. Muka ƙara ba shi. Wajen hantsi ya zura bututun ƙarfe a hannun sifana, ya taka ƙafa ɗaya a taya, ya ja. Noti ɗaya ya yi kuka ya juya. Na biyu ma haka. Na uku ya ce ƙas, sandar da yake hawa ta karye, rabinta ya rage cikin kan inji. Iro ya duba guntun a tafin hannunsa ya ce, "Wanga ai da ma ya mutu."

Ban koma gida ba. Mutumin da liman ya yi wa addu'ar tafiya ba ya dawowa da ƙafa kafin azahar ya ce ya fasa. Na yanke shawarar in zauna shiru, ba wanda zai sani. Ana kiran azahar sai ga Malam Haruna a kan keke, da langa a ɗaure a baya.

"Malam Sada, ya hanya? Hassu ta ce a kawo maka, kada ka taɓa kazar, ta guzuri ce." Ya leƙa injin, ya girgiza kai. "In ka isa dai, yadin nan ruwan toka nake so."

Daren Litinin: Gobarau

Da magariba ta ƙarato Iro ya wanke hannu ya ce gobe da sassafe za a gama. Na sauka a gidan Kawu Mamman, ƙanen Inna, a wani lungu kusa da hasumiyar Gobarau. Na tarar da shi a zaure.

"Daga Kano kake?"

"Zuwa dai, Kawu."

"Ina ka kai?"

"Ƙofar Kaura."

Ya shafa gemu. "Tau, ka yi nisa. Shigo ka huta."

Masaukin yana da kyau: tabarma, bargo, tuwon dawa da miyar kuka. Ba a karɓar ko kwabo, sai dai baƙo ya saurari labarin yadda Kawu ya je Makka ta Sudan a zamaninsa, rabi a ƙafa rabi a bayan lori. Ya rufe da cewa, "Na sha wuya ƙwarai a hanyar nan, amma ban taɓa kwana a Katsina ina matafiyi ba."

Talata: Ƙofar Kaura

Da safe rediyon Kawu ta ce an ɗaga saukar jirgin alhazanmu, sai an sanar. Ban taɓa jin daɗin jinkiri irin na ranar ba. Na koma gareji da ƙarfina.

Iro ya kira mai walda, wani dogo da ba ya magana, ya zo da tulun gas a baro. Aka riƙa hura wa kowane noti wuta har ya yi jajir, a ɗan bari ya huce, a doke shi da guduma, sannan a ja. Uku suka fita a haka. Na bakwai ya karye kamar ɗan'uwansa. Na takwas kuwa yana can baya, a lungun da injin ya kusa manne da jikin mota, babu sifanar da ke shiga. Iro ya gasa wata tsohuwar sifana a wuta ya lanƙwasa mata wuya. Ta shiga, amma hannunsa bai shiga ba.

Aikin da ya fi haka sauri da a ce Iro na tsayawa. Amma duk sa'ad da wata sabuwar mota ta tsaya, mai leda a kujeru, sai ya ajiye ni ya ruga ya duba mata ruwan batir. Masu jiran nasu aikin kuma suka zama majalisar ba ni shawara. Ɗaya ya ce in sayar. Ɗaya ya ce yanzu wa ke gyara, ai sabuwa ake saye. Na tafi wurin mai sayar da kayan mota ko akwai sabon manifol. Ya ce akwai da yawa, suna cikin jirgin ruwa a Ikko, jiragen sun yi layi, na siminti ne a gaba.

"Yaushe za su iso?"

"Kai dai ka riƙa leƙowa."

Langar Hassu ta zo a kan lokaci, shinkafa da wake. Na sake kwana a Gobarau. Kawu ya ɗora labarin daga inda ya tsaya.

Laraba: Ƙofar Kaura

Da hantsi aka yanke shawarar sare noti na takwas. Mai walda ya zura bakin wutarsa ya narkar da shi. Iro ya sa ƙarfe tsakanin manifol da inji ya ɓanɓara, a hankali, yana bugawa da guduma. Tsatsa ta yi ta zuba. Can sai abin ya saki gaba ɗaya, ya faɗo ƙasa gida biyu. Mai walda ya ɗauki ɓarin ɗaya, ya danna da babban yatsa, yatsan ya huda. A nan na fara jin muryarsa. Ya ce, "Babu inda wuta za ta kama."

"Tau," in ji Iro, "mun dai cire. Sabo kau sai Kano."

Muna cikin haka wata bas ta shigo ta ƙofar, samanta tulin akwatuna da dardumai, cikinta fararen huluna da mayafai. Wata ta biyo ta. Wani a majalisar ya ce ai jirgin tun daren jiya ya sauka, an faɗa a labaran asuba. Ni a lokacin ina hanya daga Gobarau.

Inna ba ta san Kano ba. Kafin tafiyar nan ba ta taɓa wuce Daura ba, gwiwarta ɗaya ba ta lanƙwasuwa sosai, kuma ba ta iya tambayar baƙo hanya. Na hango ta a cikin cunkoson filin jirgi, kowa ɗansa ya zo ya ɗauke shi, ita tana duban ƙofa. Kwana biyu ina gadin ƙarfe, alhali tashar motocin Kano ga ta nan ina kallonta. Na ɗauki jakata na nufi tasha, ko sallama ban yi wa Iro ba.

Ban kai ga tsallaka titi ba bas ta uku ta tsaya a gabana. Aka buɗe ƙofa. Ƙafar da ta fara saukowa, a miƙe, na gane ta.

Ta rame, ta yi duhu, ga sabon haƙorin Makka yana ƙyalli. Na durƙusa a bakin titi. Wata hajiya daga cikin motar ta leƙo ta taga ta ce da ni, "Kai ne Autan? Bisa akwatinta ta kwana. Duk wanda ya ce ta zo a tahi sai ta ce ɗanta na hanya. Sai da ɗana ya rantse mata ya ga motarka a nan tun Litinin."

Inna ba ta kula ta ba. Ta ce da direban, "Sauke mani kayana."

"Hajiya, ai har ƙohwar gida za mu kai ki."

"Ga motar da za ta kai ni can."

Aka sauke: akwati biyu, dardumai a naɗe, keken ɗinki, buta mai dogon wuya, jarkar zamzam. Majalisar gareji ta tashi tsaye aka loda su a bayan akori-kura. Na ja Iro gefe.

"Za ta tashi a haka?"

"Tashi kam za ta tashi. Ka sauke gilasai, ka tahi a hankali, kada ka tsaya ko'ina." Ya ɗan yi tunani. "Hajiya na da ciwon zuciya?"

Laraba: Ƙofar Kaura zuwa Kambarawa

Na sha jin motoci a rayuwata, amma ban taɓa jin abin da ya fito daga injin nan ba da na murza makulli. Ramuka huɗun da manifol ya bari a buɗe, kowanne yana harba nasa kai tsaye, kamar maharba sun haɗu a ɗaki ɗaya. Tsuntsayen bedi suka watse. Mai koko ta riƙe tukunyarta. Inna ta gyara mayafi, ta ɗora carbi a cinya, ta yi mini alama da hannu mu tafi.

Shinge ɗaya muka tarar, ɗan sanda mai ba da hannu a mararraba. Ya ɗaga hannu zai tsayar da mu, sai ya ga ya fi buƙatar hannun a kunnensa, muka wuce. Jakin wani mai itace ya canza hanya da kansa. Masu kantuna suka fito, ɗinkin tela ya tsaya, mata suka leƙo ta kan katanga. Inna na zaune a miƙe, tana ɗaga wa kowa hannu, ba sauri, kamar haka aka saba kawo ta.

A cikin wannan rurin ne na yi mata magana. Na ce ta yafe mini. Na gaya mata girman kai ne ya zaunar da ni a gindin bedi, cewa tun Litinin ya kamata in shiga motar haya. Na faɗi abubuwa da yawa, idona a kan titi, hawaye na zuba, hayaƙi kuma ya ba ni uzuri.

Kafin mu shiga Kambarawa unguwa duk ta fito, domin sun jiyo mu tun daga nesa. Na ga bakin Hassu a buɗe, hannunta a hanci, na san guɗa take yi, amma ban ji ba. Na tsaya a ƙofar gida na kashe inji. Shirun da ya biyo baya har nauyi gare shi.

Mata suka yo kanta. Kafin su buɗe ƙofar ta juyo ta dube ni, fuskata baƙa ƙirin, ta ɗora hannu a kafaɗata. Da ƙarfi ta yi maganar, don kunnuwanta ba su dawo ba.

"Na ga bakinka na motsi tun daga can. Ban ji ko ɗaya ba, kuma ba sai ka maimaita ba. Je ka wanke huskarka ka zo ka sha zamzam."

A nan tafiyar ta ƙare, ana kiran azahar. Godiya ta tabbata ga Allah da ya dawo mana da ita lafiya, ga Kawu da ya sauki baƙo, ga hajiyar da ɗanta ya yi rantsuwa. Na shiga na wanke fuska, na zo na durƙusa a cikin layin yara, aka miƙo mini kofi.