Radivoje da Zaren Cikin Yuro

Ranar da Radivoje ya je biyan kuɗin dutsen kabarinsa, rabin ƙauyenmu na shagon Dobrosav mai sassaƙa, wai shan inuwa. Dobrosav ya ɗaga takardar Yuro hamsin ya haska ta a rana, ya ɗaga ta biyu, ya yamutsa fuska.

"Baba Rade, ina zaren da ke tsakiya?"

Radivoje ya zaro kwalin ashana ya buɗe. Ga su nan siri-siri kamar gemun akuya.

"Na cire. Da shi tauraron ɗan Adam ke bin sawun mutum."

"To kai wa tauraron ya sassaƙa maka," in ji Dobrosav.

Dariya har da masu riƙe ciki.

Shi dai Radivoje, da muke ce wa Rade, ƙuruciyarsa kaf a birnin Biyana, can ƙasar waje, ta ƙare, yana dakon siminti. Ya dawo da ciwon baya da hula ɗaya da sanin asirin duniya. Wani direban bas ne ya raɗa masa cewa daga sama ana ƙirga kuɗin da ke wandon mutum. Tun daga nan walat ɗinsa ke naɗe cikin takardar cakulan mai ƙyalli, sauran kuma ya binne a ƙasan tulun barkono mai tsami, inda ko matarsa Milojka ba ta sani ba. A faɗarsa.

A nan mutum kan kafa dutsensa tun yana numfashi, da hoto da shekarar haihuwa, a bar gurbin ta mutuwa. Baƙin dutse ɗaya ya rage wa Dobrosav, kuma Ljubisa mai aladu, wanda ba sa ga maciji da Rade, ya ɗora masa ido. An ba Rade zuwa Asabar.

Milojka ta same shi a kicin yana ta fama da gam, zai mayar da zaren.

"Tsoho, da hantsakin girata ka yi wannan ɓarnar, ko? Na ɗauka ɓera ne ya ja."

"Wa ma ya gaya miki inda na ɓoye kuɗin?"

"Wa ke cika tulun barkonon duk kaka? Tauraro?"

Ta sa shi gaba zuwa banki a birni don a canja masa takardun. Mutumin da ke gudun a san inda yake, ga shi ƙarƙashin kyamara, yana faɗin sunansa da na ubansa da lambar gida, har da maimaici don ma'aikaciyar ba ta ji ba. Canjin zai ɗauki lokaci, sai Milojka ta kwance nata ƙullin ta biya Dobrosav ranar Juma'a. Da sharaɗi.

Dutsen ya tashi baƙi ƙirin, abin sha'awa. Hoto biyu ne a kai, nata ya ɗan fi girma.

Da yamma muka jeru a kan shingensa kamar kaji.

"Maƙwabci," na ce, "yanzu fa ko ka mutu ba ka ɓuya. Ga Milojka a gefe, ga tauraro a sama."

Ya ɗago daga cikin tumatirinsa, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Tauraron nan bai taɓa leƙo shingena ya tambayi me aka dafa ba. Da na yi hankali, da na bar wa kuɗi zarensu, ku na bi da hantsaki."