Dashen Uku ga Agusta

A tashar motar Auyo da ke Haɗeja, Adila tana jiran mota ta cika, idonta na kan wani dattijo mai shayi. Dogo ne siriri, rawaninsa ya koɗe, ya naɗe wando har gwiwa. Ya bar butarsa tana tafasa, ya durƙusa a ƙasar da ruwan jiya ya jiƙa, yana haƙa rami. A gefensa akwai dashen darbejiya cikin leda, an soka masa 'yar tutar Nijar.

"Baba Badamagare, bana ma?" in ji wani mai keke. "Na bara fa awaki suka yi kalaci da shi."

"Yau ranar 'yancin ƙasarmu ce, ɗana. Can kowa itace yake dasawa. Don na tsallako iyaka ba zan fasa ba."

"To awakin fa?"

"Bana na zo musu da ƙaya."

Adila ta daɗe tana karatu a ƙasar waje, ta san yadda ranar bikin gida take wucewa shiru a garin wasu. Tana jin dattijon ya baro gona a Damagaram, wataƙila da kaburburan iyaye.

Yana danna ƙasa da tafin hannu, yana kewaye dashen da ƙaya, bakinsa na motsi da addu'a.

Sai yanzu ta lura da layin darbejiyar da ya bi katangar tasha, manya a farko, ƙanana a ƙarshe, da giɓi nan da can inda awaki suka yi nasara. A inuwar babbar take tsaye.