Biyu ko Uku

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Alhamis abin ya fara lalacewa. Na riƙe lokacin ne domin agogon hannuna nake kallo, kamar yadda na saba duk sa'ad da aka yi mini tambayar da ta fi ƙarfin bakina.

Shekarun nan ne da kuɗin mai ya shigo, gwamnati tana ta tura mutane karatu waje. Ni da maigidana muka samu gurbin karatu tare, a Ingila, shi aikin gona, ni aikin laburare, shekara uku. Muka taso daga Kazaure zuwa Gwiwa mu shaida wa mahaifiyarsa, Inna, wadda ɗanmu na fari yake hannunta tun da aka kai mata shi yaye. Malam, wato maigidan nawa, ya baza takardun fasfo a kan tabarma, ya ɗago kai.

"Mutum nawa zan rubuta? Biyu ko uku?"

A gaban Inna ya tambaye ni. Ni kuwa a gidanmu na Roni da kunyar ɗan fari aka rene mu: ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban manya, in ya faɗi ma uwar ce ta ƙarshen waiwayawa. Na ce, "Duk yadda aka yi daidai ne."

"Madalla," in ji Inna. "Ku bar mini mijina, ku je ku sha sanyinku." Haka take kiran jikan nata.

Malam ya rubuta biyu.

A hanyar gida na yi ta kuka a bayan babur, iska tana shanye hawayen. Da muka sauka ya ce, "Ai tambayarki na yi. Ni ba zan koma in ce wa Inna na fasa ba. Sai nan da sati uku zan kai takardun Kano. In kina son a gyara, ki faɗa mata da bakinki."

Da bakina! Na ɗauko littafi na jera dalilai goma sha ɗaya, kowanne da lambarsa, na ja layi da rula. A cikinsu babu na gaskiyar.

Na fara da wasiƙa, shafi huɗu. Inna ba ta karatun boko, malamin makarantar da ya karanta mata kuwa sauri yake yi, ya ce da ita, "Tana gaishe ki ƙwarai." Sai na tura gwaggona. Ta dawo da ƙullin daddawa da albishir cewa yaro ya yi ƙiba, in kwantar da hankalina. Na saƙa 'yar suwaita mai kauri na aika, ko za a gane irin ƙasar da aka yi ta dominta. Inna ta aiko da godiya, ta ce za ta yi masa amfani da ɗari.

Saura kwana biyu na shiga motar 'yan kasuwa ni kaɗai, ranar kasuwar Gwiwa. Na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa, yaron yana kwance a cinyarta. Na durƙusa na gaishe ta, ban kalle shi ba, na ja kwarya na kama ɓara. Tun hantsi har bayan azahar ban ce komai ba sai yabon gyaɗar bana.

Daga nan na fara karanto dalilaina da ka.

"Inna, an ce a can akwai allurar rigakafi."

"A nan ma suna zuwa. An yi masa."

"Zai koyi Turanci tun yana ƙarami."

"Ubansa a tsakar gidan nan ya yi rarrafe. Ga shi Turawan ne suka kira shi."

"Kuma nauyi zai yi miki yawa."

"Na kawo miki ƙara ne, 'yar boko?"

Kafin la'asar ta cinye goma sha ɗayan, ko ɓarar ba ta dakata ba. Can bakin kasuwa direba ya fara danna ham. Yaron ya farka, ya dube ni kamar baƙuwar da ta zo sayen gyaɗa, ya juya ya cusa fuska a zanin kakarsa. Na lissafa: in na dawo yana da shekara biyar, kuma haka zai dube ni.

"Inna," na ce, muryata kamar ta sauro, "ina so in tafi da shi."

"Da wa?"

"Da yaron."

"Yaran garin nan da yawa. Wanne?"

Na ce, "Da ɗana. Ba zan iya barinsa ba."

Ta ajiye gyaɗar, ta kakkaɓe zani, ta ɗago shi ta ɗora mini a cinya.

"Sati uku ina jiran wannan kalmar, kina aiko mini da takarda da suwaita. Can inda za ku babu gwaggon da za ki tura. Wadda ta kasa buɗe baki ta nemi ɗanta a wurina, yaya za ta nemar masa magani wurin Bature? Goya shi, motarki za ta tashi."