Sakin Layin da Ke Sa Baba Barci

Ranar ƙarshe ba ta zo da wata alama ba. Da sassafe Auta ta share baranda, ta goge na'urarta ta hangen taurari, ta yi wa mage faɗa don ta sake kwana a cikin akwatin na'urar. Da hantsi ta tafi shagon tabarau inda take yanka gilashi. Da azahar ta dawo cin abinci da takarda a hannu.

"Baba, gyara zama. Lokacin awo ya yi."

Awon nan yana da asali. Auta tana cikin wata ƙungiyar masu kallon taurari, mutanen da ba su cika benci uku ba, amma suna fitar da 'yar mujalla duk wata. Wani mai aski ne editansu, shafin baya kuma na Auta ne. Dokarta ɗaya ce: ba ta miƙa rubutu sai ta karanta wa mahaifinta bayan ya ci ya ƙoshi. Duk sakin layin da ya yi gyangyaɗi a kansa, sai ta soke.

"Abin da ya kayar da tsohon malamin lissafi," in ji ta, "ba zai bar mai aski a tsaye ba."

Shi dai Baba taurari ba su dame shi ba. Ya san Zara matar wata, ya san Kaza da 'ya'yanta, a ganinsa kuwa wannan ya ishi mai iyali. Amma bai taɓa ƙin zama ba.

Rubutun ranar a kan zoben da ya kewaye duniyar Zuhal ne. Ta fara da yadda ta gan shi karon farko ta ɗauka datti ne a gilashi. Baba ya yi dariya. Ta shiga lissafin nisa da faɗi. Da ya farka ta riga ta koma shago.

"Ta ce za ku ƙarasa da almuru," in ji mahaifiyarta.

Da la'asar birkin wata motar kaya ya tsinke a mahaɗar da ke gaban shagon. Auta tana tsallaka titi.

Bayan an watse zaman makoki, barci ya ƙaurace wa Baba, abinci ma sai dai ya taɓa ya ture. Ran nan mai aski ya zo, ya yi gaisuwa, ya daɗe yana murza hularsa.

"Baba, shafin baya ne. Mu bar shi fari?"

"Rubutun yana nan, amma bai gama awo ba."

So yake a buga shi cif, kada kalmarta ko ɗaya ta faɗi ƙasa. Amma ya san mai rubutun, ya kuma san abin da za ta ce. Hanya ɗaya ta rage: a karanta masa, ya kai ƙarshe ido biyu.

"To ka fara cin abinci," in ji matarsa. "Ba a awon nan da yunwa, kai ma ka sani."

Ya ci, ya cinye. Ya zauna a kujerar da ya saba, ya miƙe wuya kamar mai jiran hoto. Mai aski ya fara karatu da muryar sanarwa. Aka wuce dattin gilashi lafiya. Aka shiga nisa da faɗi. Ya mintsini cinyarsa, ya kafa wa fanka ido.

Sai da rana ta kusa faɗuwa ya farka. Mai aski yana nan inda yake, biro a hannu, bai taɓa takardar ba.

"Ina na kai?"

"Inda ka kai da ita," in ji matarsa. "Ko layi ɗaya ba ka ƙara ba."

Can ya ce, "Soke shi."

Mai aski ya ja layi. Sannan ya karanta sauran, aka kai ƙarshe, inda Auta ta rubuta cewa wanda bai taɓa ganin zoben ba ya zo barandarsu, na'urarta ba ta ƙin baƙo. A nan idonsa biyu. Haka aka buga shi a shafin baya.

Na'urar, ƙungiya aka ba, da sharaɗin kada ta ƙi baƙo. Ƙananan sukundirebobinta suka koma shago. Tufafinta aka raba wa 'yan'uwa. Akwatin na'urar aka bar wa mage, tun da dama ita ke ciki.

Sakin layin da aka soke kuwa, matarsa ta yanke shi da almakashi ta ajiye a gidan tabaransa. Duk ran da barci ya ƙi zuwa, sai ta ɗauko ta karanta masa. Har yau bai ji ƙarshensa ba.