Telan da Ya Auna Danginsa a Jikin Mutanen Umdurman

A layin teloli na Kasuwar Umdurman, a ƙasar Sudan, an yi wani mutum da ake kira Usta Dogo, Usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne a can. Sunansa na yanka Mika'ilu, amma ko limamin unguwarsu sai ya yi tunani kafin ya tuno da shi. A Jazira aka haife shi, a wani sansanin masu tsinkar auduga kusa da Wad Madani. Mahaifinsa, Malam Idirisu, ya baro Auyo ta ƙasar Haɗeja yana saurayi da niyyar aikin Hajji, ya tsaya neman guzuri a gonakin auduga, a nan kuma aka binne shi. Bai bar wa ɗansa gona ko gida ba. Saƙo ɗaya ya bar masa, zuwa ga Barira, ƙanwar shi Idirisun, wadda ranar da ya bar Auyo ta biyo shi da gudu tana yarinya har bayan gari aka kamo ta aka mayar.

"In Allah ya kai ka," in ji shi, "ka gaishe ta. Ka ce mata ban manta ba."

Dogo ya koyi ɗinki a Madani, ya hauro Umdurman bayan samun 'yancin kai, ya auri Awadiyya, 'yar wani gidan Hausawa da suka daɗe a birnin har Larabci ya fi zama a bakinsu. An san shi da ƙa'ida guda: almakashinsa ba ya taɓa yadi sai tef ɗinsa ya taɓa jikin mutum. In aka aiko masa da tsohuwar riga aka ce ya yi kamarta, mayar da ita yake yi.

Duk shekara idan Babbar Sallah ta wuce, kasuwar ɗinki ta kwanta, sai ya ce bana kam zai yi ijaza a Najeriya, wato hutu. Hanyar tana kansa: jirgin ƙasa zuwa Niyala, lori zuwa Junaina, a ratsa Cadi, a faɗa Maiduguri. Shi da bai taɓa wuce Kosti ba, yakan gaya wa matafiya inda za su sha ruwa mai kyau a Abeche. Abin da ke riƙe shi tsaraba ce. A ganinsa ɗan Idirisu ba zai shiga gidan ubansa hannu rabbana ba, ba kuma zai ba wani ya hana wani ba. Sannan tela ba ya kai yadi a naɗe kamar ɗan tireda. Ɗinkakku zai kai.

To, yaya za a auna mutanen da ke wata uwa duniya? Nan amininsa Mainasara ya shigo. Mainasara falke ne, yana kai turare Kano ya dawo da goro. Shi ya nemo gidan a Auyo, ya iske Barira da ranta, da 'ya'ya da jikoki cike da gida. In ya dawo sai su zauna a bakin shago da shayi a hannu, suna kallon masu wucewa.

"Babban ɗan Gwaggo fa, yaya tsayinsa?"

Mainasara zai yi ta duba layin. "Kamar wancan mai jakin. Amma ya fi shi tumbi."

Dogo zai miƙe da tef a wuya. "Ya zol! Bawan Allah, dakata kaɗan." Ya auna kafaɗa, ya auna hannu, ya yi godiya, mai jaki ya tafi yana waiwaye.

Da farko an ɗauka taɓin hankali ne, daga baya aka saba. 'Yan dako kan tsaya da kansu su buɗe hannuwa su ce, "Usta, yau ni wane ne?" Har wani ɗan sanda an auna a matsayin surukin gidan. Mata kuwa Awadiyya ce ke auna su. Da aka zo kan Barira, Mainasara bai yi wata-wata ba ya nuna Bakhita mai shayi, mace ƙatuwa wadda kujerarta ke kuka in ta zauna. Dogo ya ji daɗi. Ya ce dama haka ya zata.

Jallabiyoyi da rigunan mata suka cika akwatin ƙarfe, aka sayo wani, aka tura su ƙarƙashin gadon igiya. Sai dai Mainasara ba ya dawowa ba tare da sabon labari ba. An yi haihuwa, an kawo amarya, yaron da aka ɗinka wa wando bara ya fara gemu. Dogo zai buɗe akwati, ya warware, ya ƙara, ya ce ai sai baɗi. Ana goyon 'yarsu Ni'mat aka soma akwatin farko. Ranar da aka kai ta ɗakin miji, a kan akwatunan 'yan biki suka zauna.

Wata shekara, ana saura kaɗan Babbar Sallah, Mainasara ya dawo bai yi raha ba. Ya ce idanun Barira sun tafi, ƙafa ma ta ƙi. Ta ce a gaya wa ɗan Idi, in zai zo ya zo, ita ba ta da wata baɗin da za ta yi masa alkawari.

Dogo ya juya kofin shayi a hannunsa. Can ya ce, "An ƙara haihuwa?"

"Tagwaye."

Dogo ya miƙa hannu ya ɗauko tef.

Da la'asar ya ba Awadiyya labari a tsakar gida, tana toya kisra, siririyar wainar dawa ta mutanen can. Ba ta ɗago kai ba, ta kira shi da sunan 'yarsu irin na Larabawa.

"Abu Ni'mat, wa zai ga rigar? Matar nan ba ta gani. Kai take so ta taɓa."

"In shiga gidan ubana da jakar hannu kamar mai karɓar haraji? Me za su ce da Idirisu?"

"Za su ce ya haifi ɗa mai taurin kai. Ka auna rabin Umdurman, ya Usta. Halas, ya isa. Cire kan keken ɗinkinka, ɗauki tef ɗinka, je ka auna masu jikin."

"Ke ba ki san mutanen can ba."

"Kai ka san su?"

 Washegari yana kasuwa Awadiyya ta jawo akwatunan ta buɗe. Ta san wanda aka auna wa kowace riga, domin Dogo ba ya rufe baki a kan aikinsa. Ta aika wa mai jaki tasa, ta aika wa ɗan sandan da ya riga ya yi ritaya, ta kai wa Bakhita nata da hannunta. Na yara ta raba a unguwa. Ranar Sallah aka fito filin idi, kayan mutanen Auyo suka zauna a jikin mutanen Umdurman kamar an zana, in ban da mai jaki da rigarsa ta yi masa yawa a ciki.

Dogo ya daina yi wa matarsa magana, amma bai daina cin abincinta ba. Da Sallah ta wuce ya kwance kan keken, ya naɗe shi a bargo, ya ɗaure bandir-bandir na yadi, ya bi Mainasara tashar jirgi.

A Auyo aka shigar da shi har ɗakin Barira. Ya iske wata 'yar tsohuwa a kan tabarma, ƙarama kamar yarinyar da ba ta isa talla ba. Rigar da aka auna mata a jikin Bakhita za ta iya naɗe ta sau biyu. Da ya fito ya dubi Mainasara.

"Kada ka kalle ni," in ji Mainasara. "Ni baƙo ne, a zaure nake tsayawa. Muryarta nake ji ta kan katanga. Wa zai ce mai wannan murya ba ta kai Bakhita ba?"

Muryar kuwa tana nan. Da ya koma ɗakin, da ita ta ce ya matso, ta shafa goshinsa, ta kama kunnuwansa ta ja.

"Kunnuwan Idi ne. Kai, ɗan nan, ka daɗe a hanya."

"Gwaggo, ya ce in gaishe ki. Ya ce bai manta ba."

"Ce mini ya yi zai dawo kafin kaka," in ji ta. Ta ƙara shafa fuskarsa. Sannan ta ce a kawo masa fura.

Hutun Dogo duka a zaure ya ƙare, yana murza keke, jikoki na layi da hannuwa a buɗe. Bai je Kano ba, bai ga ko Haɗeja sosai ba. Ya dawo Umdurman a rame, ya soma yi wa Awadiyya magana tun daga bakin ƙofa. Masu tambayarsa girman Najeriya yakan ce musu su tambayi Mainasara.

Da damina ta zagayo Mainasara ya kawo labarin rasuwar Barira. Dogo ya yi zaman makoki a gidansa, layin teloli duka suka zo. Ya ci gaba da ɗinki har idonsa ya kasa zura zare, bai sake tare wani a hanya da tef ba. Bakhita kuwa ta riƙa saka rigunan nan har suka koɗe, shi kuma duk safiya in ta miƙo masa shayi sai ya ce, "Sannu, Gwaggo."