Feshi Dai Feshi Ne: Ta'aziyyar Malam Lado Gazara

Daga Allah muke, kuma komawarmu gare Shi take. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, daidai da 14 ga Rajab 1446, ina tsaye a gonar tumatir a Ikara da hantsi, 'yarka Mukarrama ta kira ni a waya ta ce Allah Ya yi maka rasuwa bayan sallar asuba. Malam Lado Gazara, aminina na shekara arba'in da 'yan kai. Kafin azahar mun kai ka makwancinka. Da na dawo gida na zauna, sai na ga in ban rubuta wannan ba, babu mai faɗin yadda ka ci yaƙinka na ƙarshe kamar yadda ya faru, domin ni ne na kusa ɓata maka shi.

Ga wanda bai san ka ba, sana'arka ƙera ƙananan abubuwa ce. Da gwangwanin madara, da guntun katako, da waya, sai ka fitar da motar ɗaukar rake wadda tsawonta bai wuce taƙi biyu ba, amma har madubinta da marfin tankin mai suna nan. Da farko mutanen gari sun ce wasan yara ne. Sun daina faɗin haka shekarar da motar Bilya direba ta ƙone ƙurmus a hanyar Kudan, mutumin ya kwanta ciwo don baƙin ciki. Ka shige ɗakin aikinka wata guda, ka fito da motarsa ƙarama, da launinta, da lotsewar da ke ƙofar hagu, da rubutun da ke bayanta. Ka kai masa ba ka karɓi ko ruwan sha ba. Bilya ya gaya mini da bakinsa cewa ranar ya fara cin tuwo.

Burinka ɗaya ne tun muna samari: ka ƙera wurin mazarƙwailar mahaifinka, Alhaji Zayyad, yadda yake a da. Injin matse rake na ƙarfe, da doguwar sandar da doki ke zagayawa da ita, da manyan tukwane bisa murhu. Ba wanda ya taɓa ɗaukar hoton wurin, a kanka kaɗai yake. Shekara uku kana ƙira, ka gama komai, saura fenti. A daidai nan hannunka na dama ya fara rawa. Dokin kuwa bidi ne, fari mai yayyafin baƙi, irin launin da ba ya son kuskure. Sau biyu kana ɗora masa buroshi, sau biyu yana fitowa kamar an watsa masa taɓo, kana kankarewa. Na uku ban manta ba. Ka ajiye buroshin, ka ce mini in har taron nunin amfanin gona da ƙungiyar manomanmu ta shirya a Kudan ya zo ba ka gama ba, murhun matarka Indo za ka kai shi, don ba za ka bar wa duniya dokin ubanka da dabbare-dabbare ba. Na san ka, Lado. Ba ka faɗin abin da ba za ka yi ba.

Mukarrama ce ta gano a wayarta cewa akwai wata 'yar ƙaramar bindigar fenti, ƙanwar ta masu fentin mota, wadda ke fesa launi da iska ba tare da ta taɓa jikin abu ba. Tunda ba ta taɓawa, rawar hannu ba za ta ja layi ba. Ka ji zan je Zariya, ka kira ni ka ce, "Malamin Gona, ka dubo mini abin feshi mai sauƙin riƙo, wanda ba ya toshewa." Ni kuma shekara talatin da biyu ina aikin malamin gona. Kalmar feshi a kunnena ma'ana ɗaya gare ta. Na shiga kasuwa da gadarata, na zaɓo maka injin feshi na goyo, mai lita goma sha shida, na ɗauro a bayan babur har Gazara ina jin na yi abin kai. Ka dubi injin, ka dubi dokin da bai kai tsawon yatsa biyu ba, ka yi dariya har sai da Indo ta leƙo ta ga ko lafiya. Kunya ta hana ni amsa laifi, na ce, "To, feshi dai feshi ne." Mako biyu kuskurena ya ci maka, saura mako biyar taro.

Na biya bashin kunyata da kai ka Kano a motar ɗana. A shagon, mai kaya ya fito da wadda ya ce ita ce ta ƙwararru: siririya kamar biro, a danna maɓalli da ɗan yatsa iska ta fito, a ja shi baya fenti ya biyo. Ka riƙe ta, yatsanka ya ƙi yin aiki biyu lokaci guda. Ka mayar masa ba tare da ka kushe ta ba, ka ce ta masu lafiyar hannu ce. Ya kawo mai kwalba a ƙasa, ka ce ta yi nauyi, kuma tana son fenti da yawa, kai ɗigo biyar ke isarka. Sai ka hango wata a gefe, mai mariƙi da kunama irin ta bindiga, wadda hannu duka ke kamawa, da ɗan kofi a sama mai murfi. Murfin nan ya fi komai burge ka, don ko hannu ya girgiza fenti ba ya zuba. Ka sa aka zuba ruwa ka gwada a bayan kwali. Ka tambaya ko ana samun allurar da ke cikin bakinta a nan kasuwar in ta lanƙwashe, aka nuna maka. Ka ƙi mai siririyar allura, ka ɗauki matsakaiciya, ka ce fentinmu na ƙauye kauri gare shi. Daga nan ka kwance ta gaba ɗaya a gaban mai shagon da wannan hannu naka mai rawa, ka mayar. Ka ce kayan aikin da ba za ka iya wankewa da kanka ba, aro ne ko da ka saya.

Saura iska. Injin hura iska wuta yake so, wutar Gazara kuwa kowa ya san halinta. A nan ne na ɗan fanshi kaina: na kawo shawarar tayar babbar mota, mai faci ya cika mana ita, ya haɗa bututu. Kowace safiya a gangaro da ita, ka kafa gwiwar hannunka bisa matashi, ka yi ta gwaji a jikin gwangwani. Kwana tara kana ɓata gwangwanaye kafin ka yarda ka kusanci dokin.

Ranar taron, mutane suka bar tulin inabi da buhunan masara suka yi cincirindo a teburinka. Aka jawo hannun wani dattijo daga Furana, Malam Zulkifilu, wanda ya yi aikin tukunyar mazarƙwaila a wurin mahaifinka yana saurayi. Ba wanda ya gaya masa komai. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, "Wannan ai bidin Alhaji Zayyad ne." Ya share ido da bakin riga. An ba ka takardar yabo ta ɗaya, amma a mota da muna dawowa ko dubanta ba ka yi ba, maganar dattijon kake ta maimaitawa. Ban taɓa ganinka cikin farin ciki kamar ranar ba. Murhun Indo bai ci doki ba, Lado. Ka gama aikinka kwana ashirin da shida kafin ajali ya zo.

Ranar sadakar uku Indo ta aiko Mukarrama da wani ɗan ƙunshi, ta ce ka bar shi da sunana. Na buɗe a gaban mutane, da na sani da ban yi ba. Wani ɗan mutum ne na katako, da hula irin tawa, da tumbi irin nawa, goye da injin feshi mai lita goma sha shida, fentinsa sumul. A ƙarƙashin ƙafarsa, da rubutun da ke rawa, ka sa: feshi dai feshi ne. Na yi dariya na yi kuka, mutane suna ba ni haƙuri ba su san na wanne ba.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sada ka da mahaifinka a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Indo, da Mukarrama da 'yan'uwanta, da jama'ar Gazara da ƙasar Makarfi baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sa mu ma mu gama abin da muka fara kafin a kira mu. Amin.

Sa'idu Malamin Gona, Ikara