Dogo Mai Faci da Toshewar Hanyar Jini

Shekara talatin da ɗaya Dogo ya yi yana facin taya a bakin tashar Tsafe, bai taɓa barin kowa ya ba taya iska a rumfarsa ba. Da yatsa yake ƙwanƙwasa ta, ya saurara, ya ce ta ƙoshi ko da saura.

Bara ƙafarsa ta hagu ta soma gardama, taku arba'in sai ya tsaya. A asibitin da aka tura shi a Kano, likita ta ce hanyar jini ce ta toshe, in aka bari har yanke ƙafar za a yi. Za su zura siririn bututu ta cinya, su kumbura 'yar balan-balan da ke bakinsa, hanya ta buɗe.

Dogo ya ce, "Likita, wa zai ba da iskar?"

"Ruwa ne, Baba, kuma ni ce."

"To a hankali, 'yata. Tayar ta tsufa."

Ran sha biyu ga Maris ya tako daga gida har tasha bai tsaya ba. Ya ƙwanƙwasa ƙwaurinsa, ya saurara, ya ce wa direbobi, "Yarinyar nan ta iya aiki."